Mene ne aikin mai awon ido a cikin soja lokacin yaƙi?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi wanda ya samu bak (jarrabawar kammala sakandare) bana. Yana son ya karanci awon ido, yana kuma son ya sa kaki kamar yayansa da ke bakin daga. Abokansa suna ce masa soja ba su da abin yi da mai awon ido: idan ido ya fashe likitan fiɗa ake nema, mai gwada tabarau kuwa wurinsa shago ne a cikin gari. Ya ce: "Baba, gaskiya ne?"

Ɗana, abokanka sun faɗi gaskiya a wuri ɗaya. Mai awon ido ba ya ɗinke ƙwayar ido idan ta fashe. Wannan aikin likitan ido ne mai fiɗa, wanda ya gama karatun likitanci sannan ya ƙara wasu shekaru a kan ido kaɗai. Akwai kuma mai yanka gilashi ya haɗa tabarau, shi ma sana'arsa daban. Mai awon ido yana tsakaninsu: yana auna ƙarfin gani, yana rubuta gilashin da ya dace, yana duba lafiyar ido ciki da waje, yana gane cuta, yana maganin abin da ke cikin huruminsa, abin da ya fi ƙarfinsa kuma ya tura shi gaba. Inda suka yi kuskure shi ne zaton da suke yi cewa a ɗakin fiɗa ake ceton idon soja. Mafi yawan idanun da ake ceta a yaƙi, ana cetonsu ne tun kafin a ji rauni, ko a sa'ar farko bayan raunin, a wurin da babu likitan fiɗa ko kusa. A nan mai awon ido yake aiki.

Aikin yana farawa ne tun ranar ɗaukar soja. Sojan Faransa suna da tsarin tantance lafiya da suke kira SIGYCOP, kowane harafi da sashen jikin da yake nufi, kuma biyu daga cikin haruffan bakwai na ido ne: ɗaya na ƙarfin gani, ɗaya na rarrabe launi. Littafin nan mai ɗige-ɗige masu launi da lamba a ɓoye a ciki, wanda muke buɗe wa mutum mu ce ya karanta, wani likitan sojan Japan ne mai suna Shinobu Ishihara ya fitar da shi a 1917, kuma don tantance sojoji aka fara neman sa. Wanda ba ya raba ja da kore bai san yana da matsala ba, haka aka haife shi. Yana iya zama soja nagari a wurare da yawa, amma ba a ba shi tuƙin jirgin sama, ba a kuma sa shi kwance nakiya inda launin waya yake raba rai da mutuwa. Mai awon ido ne zai gano shi, ya kuma faɗi inda ya dace a kai shi.

Amurkawa sun koyi darasin tabarau da wahala a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun ɗauki miliyoyin mutane, suka tarar da cewa kaso mai yawa ba sa gani sosai sai da gilashi, kuma sojan da tabaraunsa ya karye a Turai ko Arewacin Afirka ya fita daga aiki kamar wanda aka harba, alhali ko ƙwarzane babu a jikinsa. Dole suka ƙera motoci masu ɗauke da injin yanka gilashi suna bin runduna a baya. A wancan yaƙin masu awon ido da yawa a sojan ƙasa ƙananan sojoji ne kawai. Sai a 1947 doka ta buɗe musu hanyar zama hafsoshi a sashen lafiya na soja, kuma a yaƙin Biyetnam aka kai su har cikin rundunonin da ke fagen fama, saboda an ga yawan mutanen da ake ɗauka a jirgi zuwa baya don awon ido kawai. Har yau ƙa'idarsu ita ce mai sa gilashi ba ya tafiya bakin daga sai da tabarau biyu, da na uku wanda ake maƙalawa a cikin abin rufe fuska na kariyar iska mai guba.

Ka kawo wannan gida. Sojan da ke sintiri a dajin iyaka wajen Madarunfa ko Gidan Runji, idan gilashinsa ya karye kuma babu takardar awonsa a ajiye, sai an ba shi izini, a nemo mota, ya shigo Maraɗi, ya bi layi, ya jira a yanka. Kwanaki sun tafi, an rage mutum ɗaya a cikin ayari. Mafi muni shi ne wanda zai yi shiru ya ci gaba da aiki da gani dishi-dishi don kada a ce ya cika ƙorafi, kuma yana riƙe da bindiga a wurin da dole ya bambanta makiyayi mai sanda a kafaɗa da ɗan bindiga daga nesa. Wannan kaɗai ya isa dalili a wurina. Akwai kuma manya, su sajan da ajidan da suka haura arba'in. Nesa suna gani tangaran, amma taswira da rubutun allon rediyo da na waya sun fara gagararsu, sai sun miƙa hannu nesa. Ƙaramin gilashin karatu ke warware wannan. A wannan awon ne kuma ake kama hawan jinin ido, wanda ya fi kama baƙar fata da wuri, ba ya ciwo, yana cin gefen gani a hankali har mutum ya daina ganin abin da ke tahowa ta gefensa.

Yanzu ga maganar rauni. Idanu biyu ba su kai ko kashi 1 cikin 100 na faɗin jikin mutum ba, amma rabonsu a raunin yaƙi ya fi haka nesa, kuma yana ta hawa. A yaƙe-yaƙen duniya biyu wajen kashi 2 cikin 100 ne na raunuka. A Biyetnam ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 9. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya kai kashi 13 a wajen sojojin Amurka. Dalilin a fili yake. Yaƙin yanzu na abubuwan fashewa ne, bam da nakiya da roka, masu watsa dubban ƙananan ɓaraguzai na ƙarfe da tsakuwa da gilashin mota. Ɓarɓashin da kaki zai tare, ko ya maƙale a fata a cire shi da hantsaki, shi ne zai huda ido ya kashe shi. Rigar sulke da hular kwano suna kare ƙirji da kai, sai mutum ya tsira da ransa, fuska kuwa a buɗe take. Nakiyoyin da ake binnewa a hanya a yankunan Difa da Tilaberi irin wannan ɓarna suke yi.

Maganin wannan sananne ne: tabaraun kariya na polikabonet, wata roba mai tauri da ba ta tarwatsewa kamar gilashi, mai lanƙwasa da ke rufe har gefen ido. Wani bincike da aka yi a kan sojojin Amurka da suka ji rauni a Iraƙi da Afganistan ya nuna cewa a cikin masu sanye da shi kashi 17 cikin 100 ne suka samu raunin ido, a cikin marasa shi kuwa kashi 26. Ba ya tare harsashi, amma yana tare ƙananan ɓaraguzan da su ne suka fi yawa. Kuma kada wani ya ruɗe ka da baƙin gilashin da ake saye a Babbar Kasuwa jika ɗaya ko biyu. Wannan ado ne. Idan abu ya buge shi, shi kansa ke farfashewa ya shige ido.

To me ya sa soja ke cire tabaraun kariya ya rataya a wuya ko ya ɗora a hula? Ka tambaye su za su faɗa maka: gumi yana sa shi hazo, ƙura ta kakkarce shi har ba a gani ta ciki, da dare baƙin yana rufe gani, mai sa gilashin magani kuma bai san yadda zai haɗa biyu ba. Kwamanda zai iya ba da umarni, amma umarni ba ya goge karce. Mai awon ido ne zai zauna da mutum ya zaɓa masa wanda ya zauna daidai a fuskarsa, ya sa masa awonsa a ciki, ya ba shi fari na dare da baƙi na rana, ya koya masa wanke shi da ruwa kafin gogewa, ya kuma matsa wa masu sayayya su canza wanda ya lalace. A ganina wannan aiki, da ba wanda zai ba ka lambar yabo a kansa, ya fi kowane yawan idanun da yake ceta.

Ba duk ciwon idon soja ne na harbi ba, mafi yawansa ma ba shi ba ne. Hazo da ƙurar hunturu ga mai sintiri a kan babur ko a bayan mota buɗaɗɗiya, tsakuwa a ƙarƙashin fatar ido, ƙaya, ƙwaro, tartsatsin walda ga makanikai, apolo da ke bin ɗakin kwana gaba ɗaya cikin mako guda. Ana taɓa ido da wata ƴar takarda mai launin ruwan lemo, a haska shuɗiyar fitila, duk inda baƙin ido ya kuje sai ya fito kore shar. A cire tsakuwar, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mutum ya koma aiki cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ba kowa, abin da zai faru shi ne wani aboki ya miƙo masa maganin ɗigawa da ya saya wurin masu talla, sau da yawa mai kotizon a ciki. Jan idon zai kwanta, gyambon ya ci gaba da ci a ƙarƙashi, ƙarshe hakiya ta rufe baƙin ido. Shi ya sa kuma ake hana soja sa gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido idan zai tafi daji: ba ruwa mai tsabta, ba wanke hannu, ƙura na shiga ƙarƙashinsa.

Akwai ilimin ganin dare ma. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma leƙa allon waya ko ƙyasta ashana na ɗan lokaci ya isa ya rage wannan sabo. Abu mai dishi-dishi a duhu an fi ganinsa idan aka kalli ɗan gefensa, ba tsakiyarsa ba. Mai dundumi kuwa, ko na rashin sinadarin bitamin A ne ko na gado, bai kamata a sa shi gadin dare ba sai an duba shi.

Sai sa'ar farko bayan rauni, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau, domin ko ba ka zama mai awon ido ba za ka iya faɗa wa yayanka. An taɓa kawo mana wani saurayi soja da ɓarɓashin ƙarfe ya shiga idonsa na dama. Abokansa, don ƙauna, sun cusa auduga a kan idon, suka naɗe kan da bandeji tam, suka ƙara da rawani don kada ƙura ta shiga a hanya. Da muka warware, audugar ta manne da wani abu baƙi-baƙi mai kama da zare. Cikin idon ne ya fito. Ramin da ƙarfen ya yi ƙarami ne, da an bar shi yadda yake da likitan fiɗa ya samu abin ɗinkewa. Ido da ya huje kamar ƙwai ne da ya tsage: muddin ba a matsa ba abin cikinsa yana nan, da an danna sai ya zubo, kuma ba ya komawa.

Abin da ake yi kaɗan ne, amma dole a yi shi daidai. Da farko a gwada gani cikin sauri: yana karanta rubutun da ke kan kaki? Yana ƙirga yatsu? Yana ganin motsin hannu? Ko haske kawai yake gani, ko shi ma babu? A rubuta, domin wannan ne ma'aunin da likitan fiɗa zai dogara da shi. Sannan a rufe idon da murfi mai tauri wanda gefensa ke zaune a kan ƙashin gira da ƙashin kunci, ba abin da ke taɓa ƙwayar ido. Idan babu na asibiti, a yanke gindin kofin roba ko na gorar ruwa, tsawon kamar yatsu biyu, a kife a kan idon, a manne da filasta daga goshi zuwa kunci. Tabaraun kariyar kansa ma yana yin wannan aiki. Ba auduga a ƙarƙashi, ba man shafawa, ba ɗigawa, ba kwalli, ba a kuma zare abin da ya soke ko da ana ganin kansa a waje. A ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta baki ko ta allura (sojan Amurka ƙwayar moksifuloksasin mai miligiram 400 suke ɗauke da ita a jakar kowane soja), a hana shi amai da yunƙuri, a ɗaga kansa, a kama hanya. Ana son a ɗinke idon cikin sa'o'i 24.

Wuri ɗaya ne ake saɓa wa wannan. Idan ruwan batir ne, ko siminti, ko farar ƙasa, ko wani sinadari ya fantsama a ido, ba a jiran kowa: a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, ko na leda ne, a buɗe fatar ido ana zubawa aƙalla minti 20 zuwa 30, sannan a yi maganar mota.

Wahalar ita ce gane wane ne idonsa ya huje, domin ba kullum ake ganin jini ba. Ƙaramin ƙarfe mai gudu yana shiga ya rufe bayansa, mutum ya ce ƙaiƙayi kawai yake ji. Wanda ya saba duba ido zai lura cewa ɗan ramin tsakiyar baƙin ido ya ja gefe kamar ɗigon hawaye, ko jini ya kwanta a ƙasan baƙin, ko gani ya ragu ba dalili. Idan aka bar ƙarfe a ciki, ko dai ido ya ruɓe cikin kwanaki, ko tsatsa ta cinye ganin cikin watanni. Haka kuma akwai wanda jini ke taruwa a bayan idonsa, ido ya turo waje ya yi tauri. Wannan sa'a ɗaya zuwa biyu kawai gare shi kafin jijiyar gani ta mutu, sai an tsaga kusurwar fatar ido an sassauta, kuma dole a san wa aka horar ya yi hakan tun kafin ranar ta zo. Mota ɗaya ce, hanya ba tabbas, Yamai kuma ta fi kilomita 600 daga nan. Wanda zai ce "wannan ya tafi yanzu, wannan ya kwana, wannan ni zan gama da shi a nan" yana yin aikin da likitan fiɗa ba zai iya yi daga inda yake ba. Kuma tunda mai awon ido ba zai kasance a kowane ayari ba, rabin aikinsa koyarwa ne: ya horar da ma'aikatan jinya na soja da su kansu sojojin har kife kofi a kan ido ya zame musu jiki.

Bayan an dawo gida akwai wani rukuni da ake yawan zalunta ba da gangan ba. Mutum ya tsira daga fashewar nakiya, ba rauni a ido, a allon awo ya karanta 10/10, wato ganinsa cikakke ne. Amma ya ce idan ya ɗauki takarda layuka suna haɗewa, abu ɗaya yana zama biyu, hasken rana yana sara masa kai, a kasuwa jiri yake ji. Sai a fara cewa lalaci ne, ko tsoron komawa daji, a gida kuma a ce sammu ne. Girgizar da fashewa ke yi wa ƙwaƙwalwa tana ɓata yadda idanu biyu ke haɗuwa a kan abu na kusa da yadda suke sauya gani daga nesa zuwa kusa. Asibitocin tsofaffin sojojin Amurka sun ga wannan da yawa bayan Iraƙi da Afganistan, kuma masu awon ido ne suka fi riƙe wannan fanni. Ana auna shi, ana kuma taimakawa da gilashi na musamman mai karkata haske, da gilashi mai launi, da atisayen ido. Kafin magani ma, mutumin yana buƙatar wanda zai ce masa abin da yake ji gaskiya ne.

Wanda ya rasa ido ɗaya sai an koya masa auna nisa daga farko, ko zuba shayi a kofi sai ya sake koyo, kuma dole ya riƙa sa polikabonet kullum don kare wanda ya rage. Wanda ganinsa ya ragu ƙwarai akwai madubin ƙara girman rubutu, da waya mai karanta saƙo da murya, da farar sanda. A Ingila tun 1915 Arthur Pearson, mai gidajen jarida wanda shi kansa hawan jinin ido ya makantar, ya kafa gidan St Dunstan's don koya wa sojojin da suka makance karatu da sana'a, kuma ƙungiyar tana nan har yau da sabon suna. Ba na son in ga wanda ya ba da idonsa don ƙasar nan ya ƙare da ƙoƙo a bakin masallaci, yaro na jansa.

Ka sani kuma idan ka sa kaki a sashen lafiya, yarjejeniyoyin Janeba na 1949 sun ɗora maka duba duk mai rauni ba tare da tambayar ɓangarensa ba. A jiharmu ba soja kaɗai za ka gani ba. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙauyukan iyaka, kuma manomi da harsashin bindigar toka ya fantsamar wa a fuska idonsa ɗaya ne da na soja.

Game da karatu, cibiyar IOTA da ke Bamako ta daɗe tana horar da likitocin ido da manyan ma'aikatan ido da masu awon ido na ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashen awon ido idan kana da Turancin Ingilishi. Ka riƙe lissafi da fizik da kyau, domin rabin sana'ar ilimin haske ne. Sharuɗɗan shiga sashen lafiya na soja kuwa ka je bariki ka tambaya da bakinka, kada ka dogara da maganar fada. Kafin duk wannan, ka nemi izini a sashen ido na asibitin jiha ko asibitin ido na Makka da ke nan Maraɗi ka zauna kana kallo na ƴan makonni, musamman ranar da aka kawo mai rauni, ka ga ko zuciyarka za ta ɗauka. Idan yayanka ya zo hutu kuma, ka kawo shi a auna shi, a ba shi takardar awonsa ya ajiye kwafi a gida, ka kuma duba irin tabaraun da yake fita sintiri da shi.